Yaya, kafin a yi maganar aiko allura daga Ingila

Assalamu alaikum, Yaya. Ina gaida ke da maigida da yara, da fatan an shiga damina lafiya. Saƙonki ya iso, na kuma ga hoton hannayen ɗiyarmu yadda gaɓoɓin yatsun suka kumbura. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin na san zafin, na san yadda mutum ke tashi da asuba ya kasa murɗa kan famfo don alwala. Kin ce in samo irin allurar da nake yi in ba wani mai zuwa gida ya taho da ita. Ba zan aiko ba, Yaya, kuma ina roƙonki ki karanta dalilina har ƙarshe kafin ki yi fushi.

Sunan maganin adalimumab. Kamfanin da ya fara yin sa yana sayar da shi da sunan Humira, amma tun 2018 da wa'adin mallakarsa ya ƙare a Turai wasu kamfanoni suka fito da nasu, irin su Amgevita da Imraldi, farashi ya sauko. Yana zuwa ne cikin wani abu mai siffar biro, miligiram 40, a soka a cinya ko a fatar ciki sau ɗaya duk mako biyu. A amosanin gaɓɓai irin namu, garkuwar jiki ce ke juyowa ta afka wa gaɓoɓin mai ita, allurar kuma tana toshe wani sinadari da ake kira TNF wanda ke rura kumburin. Matsalar ita ce wannan sinadarin dai shi ne ke taimakawa wajen tsare ƙwayoyin cuta. Kamar a sallami rabin masu gadin gida ne don sun fiye dukan 'yan gida: an huta da duka, amma dole a ƙara kula da ƙofa.

A nan ba a fara ba mutum ita kai tsaye. Sai an gwada ƙwayoyi aƙalla iri biyu, galibi methotrexate da wani, an ga ba su wadatar ba. Jiran ganin likitan gaɓɓai kansa watanni ne, abin da a gida mai hali zai iya samu cikin mako. Ta wannan fannin ban ga abin yabo a nan ba. Amma da zarar an karɓe ka, tsarin da ke kewaye da allurar shi ne abin da nake so ki gani.

Kafin allurar farko an ɗauki hoton ƙirjina, an ɗebi jini an duba tarin fuka, ciwon hanta nau'in B da C, da HIV. Da nas ta ji a Najeriya aka haife ni, sai ta ƙara zama ta yi min bayani a hankali. Mutum na iya ɗauke da ƙwayar tarin fuka shekara da shekaru tana kwance, ba tari ba rama, garkuwarsa ta killace ta. Wannan allura na iya kwance ta, kuma idan ta tashi ba lallai a huhu ta tsaya ba, tana iya shiga ƙashi ko ciki ko ƙwaƙwalwa. Wanda aka samu da ita a kwance sai ya fara shan magani na wata uku ko shida, likita ya faɗi lokacin da allura za ta biyo baya. Ciwon hanta nau'in B ma haka yake farkawa, kuma binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya a Najeriya na ɗauke da shi, yawancinsu ba su sani ba.

Ga inda Zariya ba ta da abin jin kunya. Cibiyar horaswa ta ƙasa kan tarin fuka da kuturta a Saye take, asibitin koyarwa na Shika na nan, maganin tarin fuka kuma kyauta ne a asibitocin gwamnati. Likitocinmu suna ganin wannan cuta kullum, fiye da yadda yawancin likitocin nan za su taɓa gani. Don haka gwajin ba sai an zo Turai ba. Abin da ake buƙata likita ɗaya ne da zai riƙe fayil ɗinta, ya san me ta sha, ya san ranar da za ta dawo.

Sai maganar sanyi, wadda ita ce ta fi hana ni barci. Mota mai firji ce ke kawo min maganin har ƙofa, in sa hannu, in wuce da shi firji nan take. Dole ya zauna tsakanin digiri 2 zuwa 8. Idan ya daskare ya mutu, ko da ya narke ya koma garau a ido. Humira na iya jure zama a waje har kwana 14 muddin zafi bai wuce digiri 25 ba, bayan nan sai zubarwa. To ki duba hanya: akwatin da ke ƙasan jirgi na iya daskarewa, daga Abuja a hau jirgin ƙasa zuwa Rigasa, daga nan mota zuwa Kwangila. Sannan ya shiga firjinki a Tudun Wada a watan Afrilu, a ɗauke wuta kwana biyu ana zafin da ke kusantar digiri 40. Babu wari ko canjin launi da zai tabbatar miki ya lalace. Za a yi ta soka wa yarinya abin da ba ya aiki, a ce jikinta ne ya ƙi magani. Idan likita ya amince a fara, a sayo daga hannun da zai nuna yadda ya adana shi, mai lambar NAFDAC, a kuma tanadi firji mai sola da ɗan ma'aunin zafi a ciki tun kafin a biya kuɗin allurar farko. Kada a jingina kwalin da bangon ƙanƙara.

An ba ni kati da nake yawo da shi a jaka mai nuna ina kan wannan magani, da jan kunne cewa zazzaɓi a wurina ba ƙaramin abu ba ne. Akwai lambar nas da nake kira. Idan ina da zazzaɓi, ko ƙurji mai ruwa, ko zafin fitsari, ko ina shan maganin kashe ƙwayoyin cuta, ana ɗage allurar sai na warke. Haka idan za a yi tiyata ko cire haƙori, sai an sanar tun da wuri. Mu a gida duk zazzaɓi na sauro ne, a aiki yaro kemis a haɗo. A nan kemis ba zai haɗa maka magani haka kawai ba, abin yana ba ni haushi wani lokaci, amma ga mai wannan allura kariya ce. Ɗiyarmu in ta fara, zazzaɓi gwaji ne a ranar, tari na mako biyu ko gumin dare ko rama kuma asibiti ne kai tsaye. Ki kuma tambaye ta tsakaninki da ita ko tana shan prednisolone ko dexamethasone daga kemis, domin masu ciwon gaɓɓai da yawa sun dogara da su, su ma suna danne garkuwa, kuma ba a yanke su rana ɗaya. Ƙaho da tsaga da sakiya a ajiye su, duk ƙofar da aka buɗe a fata hanyar cuta ce.

Fura da nono nake kewa fiye da komai, amma madarar nan duk an dafa ta kafin ta shiga kanti, tamu kuwa sau da yawa daga saniya sai ƙwarya. Ɗanyen nono na iya ɗauke da tarin fukan shanu. A tafasa madarar a gida a yi kindirmo, shi ke nan.

Abu mafi nauyi na bari a ƙarshe saboda ita amarya ce. Methotrexate, wanda wataƙila da shi za a fara mata, sau ɗaya ake shan sa a mako, ba kullum ba, kuma yana illata ɗan tayi, don haka dole ita da mijinta su yi maganar haihuwa da likita a fili tun ranar farko. Adalimumab likitoci kan bar mace a kansa da ciki, sai dai yana ratsawa ya shiga jinin jariri. A gida ana yi wa jariri BCG, rigakafin tarin fuka, ranar haihuwa ko cikin makon suna, ita kuma rigakafi ce mai ƙwayar cuta da rai. Jaririn da uwarsa ta yi allurar a watannin ƙarshe sai an jinkirta masa wata biyar zuwa shida, yadda likita ya tsara. Ungozoma ba za ta sani ba sai an gaya mata, shi ya sa nake so a rubuta a katin awo da manyan baƙi. Ita kanta ba za a yi mata rigakafin shawara ko na ƙyanda tana kan allurar ba. In tana buƙata, a yi aƙalla mako huɗu kafin farawa, in kuma an taɓa yi mata na shawara, tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Maganar ɗiga wa yaran gida na shan inna a tambayi likita, ita dai ta riƙa wanke hannu da sabulu bayan ta yi musu tsarki.

Zan turo kuɗi ranar albashi in Allah ya yarda. A kai ta Shika a nemi ganin likitan gaɓɓai, a yi hoton ƙirji da gwajin hanta, ki ɗauki hoton sakamakon ki turo min. Ki tafi da duk kwalayen magungunan da take sha, har da na gargajiya. Allah ya ba ta lafiya. Ki gaida min Gwaggo.