Wasiƙa daga Ingila kan gwajin jinin Kawu

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kowa na gida yana lafiya, na ga hoton takardun asibitin Kawu da ka turo mini, kuma na gode wa Allah da aka yi masa tiyatar sankarar hanji lafiya. Abin da ya hana ni barci shi ne, a duk takardun ban ga inda aka auna masa CEA kafin a shiga da shi ba, ban kuma ga ranar da aka sa masa ya koma ba. Tun da nake aikin jinya a sashen masu sankarar babban hanji a nan Ingila, ban taɓa ganin an sallami marar lafiya haka ba.

CEA wani sinadarin furotin ne da ƙwayoyin sankarar hanji ke zubarwa cikin jini, wanda likitoci biyu, Phil Gold da Samuel Freedman, suka gano a birnin Montreal na Kanada a shekarar 1965. Idan ya haura nanogiram 5 a kowace mililita ta jini kafin tiyata, likitoci suna ɗaukar cewa cutar ta fi barazanar dawowa. Idan an cire ƙarin gaba ɗaya, ana sa ran ya sauka cikin makonni kaɗan, in kuwa ya ƙi sauka, ko ya sauka sannan ya fara hawa, to akwai yiwuwar wani abu ya rage, sau da yawa a hanta ko huhu. Lamba ɗaya ba ta wadatarwa, domin shan taba da ciwon hanta suna ɗaga shi, wasu masu cutar kuma nasu ba ya tashi ko kaɗan. Shi ya sa a nan ake maimaita gwajin bayan 'yan watanni tsawon shekaru uku na farko, tare da hoton CT mai nuna cikin jiki, ana jera sakamakon a kwamfuta. Na taɓa zama kusa da wani dattijo da yake cin abincinsa sarai, ba ya jin ciwon komai, amma layin da ke kan allo yana hawa sannu a hankali, kuma hoto ya nuna ɗan ƙari a hantarsa tun yana iya ciruwa.

Abu na biyu ya shafe mu duka. Tun 2017 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a nan Ingila, ta ba da shawarar a gwada naman duk wanda aka samu da wannan sankara, a duba furotin huɗu masu gyara kurakuran ƙwayoyin halitta, wato MLH1, MSH2, MSH6 da PMS2. Ana shafa wa siririn yankan naman rini a kan gilashi. Inda furotin yake sai ya fito ruwan ƙasa a madubin likita mai ƙara girman abu, inda ya ɓace kuma sai a ga shuɗi kawai. Kusan kashi 15 cikin ɗari na masu cutar sun rasa wani daga cikinsu. Waɗannan, idan an kama cutar da wuri, sukan fi samun sauƙi, idan kuma ta bazu, maganin pembrolizumab mai zaburar da garkuwar jiki yakan yi musu aiki fiye da kemo, wato maganin da aka saba bayarwa don kashe ƙwayoyin sankara. Wasunsu gadon abin suka yi, shi ake kira ciwon Lynch, don haka sakamakon Kawu magana ce ta 'ya'yansa da ta Umma.

Ba komai ne mai tsada ba. Masu bincike a birnin Glasgow na Scotland sun nuna cewa CRP, sinadarin jini mai nuna kumburi a jiki, da ya wuce miligiram 10 a lita, haɗe da albumin, furotin da hanta ke zubawa cikin jini, da ya gaza giram 35 a lita, alama ce ta jikin da cutar ta fi galabaitarwa, kuma waɗannan gwaje-gwaje biyu ana yin su a ɗakunan gwaji na can gida ma. Haka kuma duk mai shekara 50 zuwa 74 a nan, kowace shekara biyu ana aiko masa da ambulan ta gidan waya, da 'yar kwalba mai tsinke a murfinta, ya dangwali bayan gidansa ya mayar, a nemi jinin da ido ba ya gani. Idan na tuna watannin da Kawu ya shafe yana shan jiƙon basir alhali jini na zuba, sai hawaye su zo mini.

Nan ma akwai jira, wani lokaci na makonni masu yawa, kuma daga harajinmu ake biyan kusan komai, sai dai ba a tambayar majinyaci kuɗi a bakin ɗakin gwaji, kuma ba kasafai takardarsa ke ɓata ba.

Don Allah, Yaya, ka koma wurin likitan da ya yi aikin, ka roƙi a auna CEA yanzu, a kuma riƙa yi a ɗakin gwaji ɗaya, kana rubuta kwanan wata da lamba a littafi guda. Ka tambaya ko naman da aka cire yana ajiye cikin kakin da ake adana shi a ɗakin gwaji, domin da shi za a duba furotin huɗun nan. Kuɗin gwajin yana wuyana. A gaida Umma, a yi wa Kawu sannu.