Wace rumfar raga ce ta dace da mai yada zango da tirela?

Duk wanda ke jan ƙaramar tirelar kwana zuwa bakin tafki ko gindin dutse ya san cikinta wurin barci ne kawai. Zama da hira da girki duk a waje ake yin su. To da rana ta faɗi, sauro da ƙananan ƙwari sai su fito neman nasu rabon, ko dai a tattara a shige ciki tun da almuru, ko kuwa a kafa rumfar raga, wato rumfa mai rufin yadi da bangon raga ta kowane gefe, wadda ake kafawa ta rufe tebur da kujeru.

Kowane kamfani cewa yake tasa ba ta da nauyi. Sai dai mai tirela ba goya rumfar zai yi a baya ba, saboda haka yawan kilo ba shi ne abin fara dubawa ba. Abin da ke raba mutum da rumfarsa biyu ne: tsawon jakarta in an naɗe, da wahalar kafa ta. Wadda ba ta samu wurin kwanciya a tirela ba, a gida ake barinta. Wadda kuma sai mutum biyu sun yi rabin sa'a suna zura sanduna, ranar da aka iso a gajiye ba wanda zai waiwaye ta. Don haka kafin ka kalli hoton kowace rumfa, ɗauki tef ka auna wurin da za ta riƙa zama: ma'ajiyar gefen tirela, ƙarƙashin gado, ko bayan motar da ke ja. Ka auna har faɗin ƙofar ma'ajiyar, domin sau da yawa cikin yana da fili amma bakin ba ya barin dogon abu ya karkata ya shiga.

Ta farko, wadda ke tashe a wuraren zango, ita ce mai cibiya. Kowane bango nata yana da sandunan fayiba guda huɗu da suka haɗu a wata cibiya a tsakiya. Ka ja madaurin cibiyar waje, bangon ya buɗe da ƙara “ɓas”, ka zagaya ka yi wa sauran haka, sannan ka shiga ka tura rufin sama. An gama. Kamfanin Clam na jihar Minnesota a Amurka, wanda aka sani da yin bukkokin masu kamun kifi a kan daskararren tafki, shi ya yi suna da wannan samfuri a jerin Quick-Set, kamfanin Gazelle ma na yin irinta. A talla ana cewa daƙiƙa 45 ta isa. Ko da an ninka wannan sau uku saboda kafa turaku, har yanzu mutum ɗaya ne zai yi, ba tare da ya kira kowa ba.

Ga inda gizo ke saƙar: sandunan nan ba sa karyewa gida-gida, a tsawonsu ake naɗe su. Babbar Quick-Set Escape mai gefe shida, jakarta ta kusa mita 1.8, nauyinta kuma wajen kilo 15 zuwa 17 ne. A babbar tirela ko bayan a-kori-kura wannan ba komai ba ne. A ƙaramar tirela mai gado ɗaya kuwa, a kan katifa za ta yi tafiyar, kuma ran da aka tashi da safe bayan ruwan dare, jiƙaƙƙiyar jaka mai taɓo ce za a ɗora a inda za a kwana. Akwai ƙananan samfuranta masu gefe huɗu ko biyar waɗanda jakarsu ta fi gajarta, amma mai gefe huɗun kujeru biyu da ɗan tebur kawai take ɗauka.

A kula da yadda ake rubuta girmanta. An ce Escape inci 140 sau 140 ce, wanda in da murabba'i ce zai ba da fili kusan murabba'in ƙafa 136. Amma mai gefe shida ce, filin cikinta murabba'in ƙafa 94 ne. Teburan katako masu benci da ake girkewa a wuraren zango yawanci ƙafa 6 ne ko 8. Na 6 yana shiga da sarari, na 8 kuwa bakinsa zai matso kusa da raga, wanda ke zaune a ƙarshe kuma bayansa na manne da ita. Sauro ba ya buƙatar shigowa in kafaɗarka na jingine da raga, daga waje zai yi aikinsa.

Ta biyu ita ce mai ƙafafu da ake zarowa, irin su Instant Screenhouse na Coleman. Sandunan ƙarfe ne da aka riga aka ɗinke da yadin, ka baje ta, ka zaro kowace ƙafa har ta ce “ƙas”. Jakarta ta fi ta mai cibiya gajarta, shi ya sa take shiga wuraren da waccan ba ta shiga. Rauninta a gaɓoɓin roba yake, da kuma bangon da ke karkata ciki, ta yadda tsakiya kaɗai dogon mutum zai miƙe. Ragarta ma sau da yawa ta fi manyan ido. Ga wanda zangonsa na ƙarshen mako ne a wurin da iska ba ta da ƙarfi, ba laifi.

Akwai kuma rumfar nan mai firam na ƙarfe da ake ja ta buɗe, mita 3 sau 3, wadda ake rataya wa bangon raga daga baya. Ba zan ɓata lokaci a kanta ba, don ba ta cikin marasa nauyi ko da wasa, kuma tsakanin raga da rufi sau da yawa akwai kafar da ƙwari ke bi. In dai sai ita, ka san cewa mai karkatattun ƙafafu da aka rubuta ƙafa 10 sau 10, rufinta 8 sau 8 ne, inuwar murabba'in ƙafa 64 ke nan maimakon 100.

Wadda ta cancanci a kira ta marar nauyi da gaske ita ce mai kama da tamfol: rufi guda, raga na zubowa daga gefunansa, babu firam ko kaɗan. Bugout na kamfanin Nemo misali ne. Irin waɗannan kilo 2 zuwa 4 ne, jakarsu kuma ko ƙarƙashin kujerar mota za ta shige. Ana ɗaure su da igiya tsakanin bishiyoyi, ko a tokare da sanduna biyu, waɗanda a wasu samfuran daban ake sayensu, kuma sai an haɗa nauyinsu da tsawonsu a lissafi. In ƙwari sun yi sauƙi sai a naɗe ragar sama, ta koma inuwa zalla. Ni dai ga mai ƙaramar tirela ita nake fara nunawa, amma da sharaɗi: sai ka iya ɗaurin igiya, kuma sai ƙasar wurin tana karɓar turke. A wurin da aka shimfiɗa siminti ko aka danne da tsakuwa, babu bishiya kusa, wannan rumfa ba ta da abin da za ta tsaya a kai. Igiyoyinta kuma suna cin fili fiye da ita kanta, yara na tuntuɓe da su da dare.

Saura wadda ake haɗawa da jikin tirelar, ko dai a zura bakinta cikin siririn kwararon alminiyum da ke gefen rufi, ko a rataya bangayen raga a jikin rumfar da ta zo da tirelar. Kamfanonin Dometic, Fiamma da Thule duk suna yin irin wannan. Daɗinta shi ne daga ƙofa kai tsaye kake faɗawa cikin raga, ana iya barin ƙofar a buɗe iska ta ratsa. Amma dole girmanta ya dace da samfurin rumfarka, dole kuma a toshe ƙarƙashin tirelar da wani ƙyalle, in ba haka ba ta tsakanin tayoyi sauro zai riƙa sintiri. Sannan ta ɗaure ka: ba za ka iya kai ta inda teburi yake ba, kuma in iska ta taso da tsakar dare, sai ka kwance bangayen kaf kafin ka naɗe rumfar. Ta masu zama mako guda ko fiye a wuri ɗaya ce.

Raga ita ce dalilin sayen, amma ita aka fi mantawa a duba. Ragar gidan sauro ta yau da kullum tana da ido wajen 156 a kowane murabba'in inci. Wannan ya ishi sauro da ƙuda. Bai ishi ƙananan ƙwarin nan masu cizo na bakin ruwa da fadama ba, waɗanda tsawonsu milimita 1 zuwa 3 ne, suna ratsa ta kamar ba a sa komai ba. Su sai raga mai ƙananan ido, wadda yawan idonta ya ninka na waccan sau da yawa. Sai dai duk yadda ido ya ƙanƙance, haka iska ke raguwa. A yini mai zafi da gumi, cikin irin wannan rumfa ya fi waje ɗumi, kuma za ka ji bambancin da zarar ka zuge zif. Wanda zangonsa na busasshen wuri ne inda ƙuda kaɗai ke damu, ya ɗauki mai manyan ido ya sha iska. Wanda ke bin gaɓar teku da tafkuna, ya ɗauki mai ƙanana, ya haɗa da ƙaramar fanka mai batir. Wani ɗan abu kuma: baƙar raga ta fi fara barin ido ya ga waje, domin fara tana maido hasken rana.

Ka duƙa ka dubi gindinta. Tunda yawancinsu ba su da shimfiɗar ƙasa, ana so a ce akwai leɓen yadi da ya kwanta a ƙasa zagaye da ita, mai faɗin tafin hannu ko fiye. In babu shi, duk inda ƙasa ta ɗan lotsa ƙofa ce. Ka gwada zif ɗin da hannu ɗaya, domin da hannu ɗaya za ka riƙa buɗe shi, ɗayan na riƙe da kaya. Sau da yawa zif ne ke fara mutuwa a rumfa, mai manyan haƙora ya fi jure yashi. Ƙofar maganaɗisu da ke rufe kanta tana da daɗi inda yara ke shige da fice, amma iska mai ƙarfi tana buɗe ta.

Batun rufi kuwa, kada a ɗauka kowace rumfar raga tana tare ruwa. Wasu inuwa kawai suke bayarwa. Nemi wadda aka rubuta juriyar ruwanta, milimita 1,500 ko sama, aka kuma liƙe ɗinkunanta da tef ta ciki. Lambar da ke ƙarewa da harafin D, kamar 68D ko 210D, kaurin zare take nunawa, ba tare ruwa ba. Foliyesta ya fi nailan jure rana, ba ya kuma saki in ya jiƙe, shi kuwa nailan sai an fita an sake ja masa igiya bayan yayyafi. Ko rufin ya yi kyau, ruwan da iska ke korowa ta raga zai shigo, sai an rataya labulen gefe, waɗanda galibi daban ake sayarwa. Biyu ko uku sun wadatar, a sa su ta inda iska ke bugowa.

Iska ce ke kashe rumfuna, ba ruwa ba. Ƙarfin bugunta yana ninkuwa huɗu in gudunta ya ninka biyu, labulen gefe kuma ƙara mata wurin kamawa suke yi. Mai cibiya tana da wani hali: in ba a ɗaure cibiyoyin da igiya zuwa turke ba, iska na iya tura bangon ya koma ciki da ƙarfi, ya kifar da abin da ke kan tebur. Akwai zobe a jikin kowace cibiya don wannan, mutane da yawa ba sa amfani da shi sai abin ya faru da su. Turakun da ke zuwa cikin jaka yawanci siraran waya ne masu lanƙwashewa a bugu na biyu. Ka sayi na ƙarfe masu tsawon santimita 25 zuwa 30 da guduma, da masu faɗi ko masu murɗawa saboda rairayi. Wannan ƙarin kilo ɗaya ko biyu ne da ba a rubuta a kwali.

Kada ka kunna gawayi ko wutar itace a ciki. Raga tana narkewa da tartsatsi ɗaya, kuma in an rufe gefuna da labule, iskar gubar nan marar wari da wuta ke fitarwa tana iya taruwa. Murhun gas ma a ajiye shi nesa da bango, gefuna a buɗe. Masu fesa wa raga maganin ƙwari na fametirin su bari ta bushe sarai kafin kyanwa ta kusance ta, don yana yi wa kyanwa illa.

In za a taƙaita zaɓin da irin tafiyar mutum: mai sauya zango kullum ko bayan kwana biyu, wanda ke da wurin ajiye abu mai tsawon mita 1.8, ya ɗauki mai cibiya, ba zai yi da-na-sani ba. Mai ƙaramar tirela da kowane lungu ke da aikinsa ya ɗauki mai kama da tamfol, ya koyi kafa ta a gida kafin ranar tafiya. Mai dogon zama wuri guda, ta jikin tirela. Ko wacce aka saya, in doguwa ce mai nauyi a kwantar da ita a ƙasa kusa da saitin tayoyi, ba can ƙarshen baya ba, domin ana son kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela ya sauka a kan maƙalar mota, kaya a baya kuwa rage wannan suke yi har tirela ta fara lilo a kan hanya. In kuma an naɗe ta a jiƙe, a baje ta ta bushe cikin kwana ɗaya ko biyu, tun fumfuna bai kama yadin ba.