Amalanken tukwanen gas na walda: na kanti bai kai wanda aka ƙera da awo ba

Amalanken ɗaukar tukwane biyu, ta oksijin da ta asitilin, da ake sayarwa a shagunan kayan walda yana da sauƙin kuɗi kuma ba shi da nauyi. Ga ƙananan tukwane ya wadatar. Da an ɗora masa babbar tukunyar oksijin mai lita 50, wadda tsayinta ya kai kusan mita ɗaya da rabi, nauyinta ya haura kilo 60, sai aibinsa ya fito.

Yawancinsu da siririn bututu aka yi su, farantin ƙasan kuma bai kai kaurin milimita 2 ba. Bayan 'yan watanni sai ya lotsa a tsakiya, tukwanen su karkata suna gugar juna. Tayoyin ƙanana ne, ko guntun ƙarfe ko tiyo a ƙasa yana tsayar da su, nauyin kuma duk a sama yake, don haka tsayawar farat ɗaya ce ke kifar da kaya.

Abin da ya fi damuna shi ne sarƙa. Guda ɗaya suke sawa, a ƙasa da tsakiyar tukunya, ta zagaye duka biyun. Faɗin tukwanen ba ɗaya ba ne, dole ɗaya ta yi sako-sako. Tukunyar oksijin cike take da iska mai matsin "bar" (ma'aunin matsin iska) 150 zuwa 200. In ta faɗi kan bawul ɗinta ya karye, tashi take yi ta fasa bango. Kowace tukunya a ba ta tata sarƙar, a wajen kashi biyu cikin uku na tsayinta, a ƙara wata a ƙasa. Ban da igiyar leda, tartsatsi na cinye ta.

Shawarata, mai ƙaramin wurin aiki a gida ya ƙera nasa. Ƙarfen angul mai faɗin milimita 40 da 40 mai kaurin milimita 4 ya isa firam. A ƙasa a sa faranti mai milimita 4, da baki mai tsayin santimita 5 don kada gindin tukunya ya zame. A auna faɗin tukwanen kafin yanka (babbar ta oksijin wajen santimita 23 ce), a bar sararin yatsa ɗaya. Sandar taya ta zama rodi mai kaurin milimita 20, tayoyi na roba zalla masu faɗin santimita 25 zuwa 30. Masu iska ba sa jure ƙusa da ɓarɓashin ƙarfe. A manna sandar a bayan farantin, ta yadda in an saki hannu farantin zai zauna daram a ƙasa. In ta shiga ƙarƙashinsa, amalanken zai riƙa rinjaya baya da kansa.

Tukunyar asitilin a tsaye take zama, domin iskar narke take cikin wani ruwan sinadari mai suna asiton. In an kwantar da ita ruwan na bin regileta (na'urar daidaita matsin iska) zuwa tiyo. A sa farantin ƙarfe tsakanin tukwanen biyu, da ƙugiyar rataye tiyo nesa da taya. Giris da baƙin mai kada su kusanci bawul ko regiletar oksijin, suna iya kamawa da wuta ba tare da ashana ba.

Wanda ya riga ya sayi na kanti, ya sauke tukwanen ya kai su nesa kafin ya yi masa walda, ya canza faranti da tayoyi, ya ƙara sarƙa ta biyu.