Tukunyar tatar mai ta jan ƙarfe: lemongiras ta yi, citta kuwa sai haƙuri

Masu tambaya ta a kan tukunyar nan mai cin lita 10 da na yi oda ta intanet, to ga bayani. Kashi uku ce, tukunya a ƙasa, hula mai dogon wuya a sama, sai bututu nannaɗaɗɗe da ke zaune cikin bokitin ruwan sanyi. Ka zuba ganye da ruwa ka kunna wuta, tururi ya kwashi man ya bi wuya, yana shiga bututun nan ya huce ya dawo ruwa yana ɗiga cikin kwalba, man ya taso sama ka zuƙe da sirinji. Shi ke nan aikin.

Ranar da ta iso ƙanin babanmu ya zagaya ta ya ce "kai ɗan nan, ba da irin wannan ake dafa ogogoro ba?" Na ce Baba ai kuwa ita ce, abin da aka zuba ciki ne kawai ya bambanta. Kuma gaskiyarsa, da irin tukunyar nan manoman yammacin Pensilbeniya a Amurka suka riƙa tatar wiski a bayan gida. Su matsalarsu hanya ce, duwatsun Apalashiya sun raba su da manyan kasuwannin gabas, kafin ka ɗora hatsi a kan doki ka haye kuɗin ɗauka ya cinye ribar, amma in aka tace shi abin da zai cika buhuna da yawa sai ya koma 'yan tuluna, ba ya ruɓewa, har cinikin musaya suke da shi saboda tsabar kuɗi ta yi ƙaranci a wajensu. Sai a 1791 Alexander Hamilton mai riƙe da baitulmali ya sa a ɗora wa wiski haraji don a biya bashin yaƙin neman 'yanci, kuma tsarin ya fi sauƙi ga manyan masu tata, ƙaramin manomi shi ya sha wuya. Suka fara dukan masu karɓar haraji, rigima ta yi girma har a 1794 shugaban ƙasa George Washington ya tara dakaru wajen 13,000 ya tura musu. Abin dariya kuma, shi Washington ɗin a 1797 ya fara tatar tasa a gonarsa ta Mount Vernon bisa shawarar manajansa James Anderson, a 1799 tukwane 5 sun ba shi kusan galan 11,000. Harajin kuwa an soke shi a 1802.

Ni giya ba hanyata ba ce, lissafin manoman ne ya ja ni. Duk wanda ya san Kachia da Kwoi da Kafanchan ya san yadda ake lodin busasshiyar citta a tirela a wuce da ita Legas, can waje a tace mai a sayar da tsada. Na ce me zai hana mu rage nauyin tun daga nan.

To a citta dai tukunyar ba ta fidda ni kunya ba. Man da ke cikin busasshiyar citta bai wuce kashi 1 zuwa 3 cikin 100 ba, ka daka, ka jiƙa, ka wuni kana ƙona gas, ƙarshe abin da ya taso saman kwalba ko cokalin shayi biyu da ƙyar, ga tsadar da citta ta yi tun cutar da ta cinye gonaki a 2023. Wannan aikin na babban inji ne. Amma lemongiras da na'a-na'a, wallahi masha Allah, ƙamshi ya cika tsakar gida, kuma ruwan da ke ƙarƙashin man ma ba ya tashi a banza, uwargida ta kwashe shi tana haɗa sabulu da turaren tsuguno.

Jan ƙarfen na gaske ne, yana ɗaukar zafi da wuri kuma ba ya kama ƙasa. Inda na ji haushi shi ne mahaɗar hula da tukunya, tururi na tsiyaya ta nan, roban da suka haɗo da shi kuma ya saki tun farko. Na yi wa mai sayarwa magana a WhatsApp, ya karanta ya yi shiru. Dabarar tsofaffin masu tata na bi, kwaɓin fulawa a shafe bakin, yana bushewa ya toshe ruf. Bokitin sanyayawa shi ma ya yi ƙanƙanta, a zafin Maris ɗin Kaduna ruwan kan ɗau ɗumi nan da nan, sai da na kai kasuwar Panteka wani maƙeri ya sa mini famfo a ƙasa da wani a sama ruwa na shiga yana fita.

In sabulu ko turare kike haɗawa a gida, saya, amma ki wanke cikin da lemon tsami da gishiri kafin aikin farko, kar kuma ki bar ta da danshi don tana yin kore. Mai niyyar kasuwancin man citta ya riƙe kuɗinsa tukuna.