Fim Ɗin Mikiya da Ya Zama Aji Guda ga Yara

Na kalli The Eagle Huntress, wanda darakta Otto Bell ya fitar a shekarar 2016, tare da 'ya'yana biyu, kuma tun kafin a kai rabinsa sai da muka ɗauko taswira. Labarin Aisholpan ne, yarinya 'yar shekara 13 daga ƙabilar Kazak, wadda ta koyi farauta da mikiya a wajen mahaifinta a tsaunukan Altai da ke yammacin Mongoliya.

Darasin labarin ƙasa ne ya fi armashi, domin yaro zai ga yadda tsananin sanyi yake tsara wa makiyaya sutura da abinci da irin tantin da suke kwana a ciki. A fannin kimiyyar halittu kuwa, ana nuna ƙumbar tsuntsuwar da bakinta dab da dab, kuma da na gaya musu cewa faɗin fukafukanta yakan kai mita 2, sai ƙaramin ya ɗauko awo ya gwada a tsakar ɗaki, ya ga sun fi tsayin mahaifinsa. Lissafi ke nan ba tare da allo ba.

Sai dai da Kazakanci ake yawancin maganar, fassarar kuma a rubuce take da Turanci, saboda haka dole babba ya zauna kusa yana bayani. Wurin da mikiyar ta cafke yanyawa a cikin dusar ƙanƙara ya ɗan razana 'yata, har ta rufe fuska da mayafi.