Sharhi: kebul ɗin USB-zuwa-serial marar suna, da wahalar da direbansa ke bayarwa

Kebul ɗin da zan yi magana a kai irin wanda ake sayarwa ne ba sunan kamfani a jikinsa. Gefe guda kan USB ne baƙi, ɗaya gefen kuma wayoyi huɗu: ja, baƙa, fara da koriya. Da shi ake tura manhaja zuwa ƙananan allunan lantarki irin su Arduino Pro Mini, ko a karanta saƙonnin da allo ke fitarwa lokacin da yake tashi. Hukuncina a gajarce shi ne yana aiki, amma idan Windows kake amfani da ita, arahar da ka samu za ka biya ta da lokacinka.

A jikin ledarsa an rubuta cewa yana tafiya da kowace Windows, har an haɗo da ɗan ƙaramin faifai na direba, wato manhajar da kwamfuta ke magana da na'ura ta hanyarta, a zamanin da yawancin kwamfutocin cinya ba su da wurin sa faifai. Ina soka shi kwamfuta ta yi ƙarar nan ta gane sabon abu, ta kuma ba shi lambar COM, wato lambar tashar da ake magana da shi ta cikinta. Sai dai a Device Manager, inda Windows ke jera na'urorin kwamfuta, ga alama mai ruwan ɗorawa a gefen sunansa, da bayanin Code 10, wato na'urar ta kasa tashi.

A nan ne mutane da yawa suke ɓata yini guda. Su cire direba su sake sawa, su sake kunna kwamfuta, su sauko da waɗancan manhajojin da ke alƙawarin gyara direba da dannawa ɗaya, waɗanda ni ban yarda da ko ɗaya a cikinsu ba. Abin da ya kamata a fara tambaya shi ne wane cif ne a cikin kan kebul ɗin, domin shi kwamfuta ke magana da shi, ba ruwanta da abin da aka buga a leda. Sanin hakan ba wuya: a Device Manager ka buɗe Properties na na'urar, ka shiga Details, ka zaɓi Hardware Ids. Za ka ga lambobi biyu, VID ta kamfani da PID ta samfuri. 0403 da 6001 na FT232R ne na kamfanin FTDI. 10C4 da EA60 na dangin CP210x ne na Silicon Labs. 1A86 da 7523 na CH340 ne na WCH. Nawa ya nuna 067B da 2303, wato yana kiran kansa PL2303 na Prolific.

Na ce yana kiran kansa ne don wannan cif ɗin an daɗe ana yin jabunsa. Prolific ya daina yin tsohon samfurin HXA tun 2012, kuma sababbin direbobinsa ba sa karɓar tsofaffin samfuran da na jabu. Wani lokaci ma a maimakon sunan na'ura sai ka ga saƙo cewa an daina wannan samfuri tun 2012, ka tuntuɓi wanda ya sayar maka. To kebul sabo fil da aka ƙera bayan shekaru masu yawa, a ce tsohon cif ne na asali a cikinsa? Da kamar wuya. Laifin a wurina na wanda ya haɗa kebul ɗin ne, ya san abin da ya sa a ciki, ya kuma rubuta a leda abin da ya san ba haka yake ba. Ba Prolific kaɗai ya yi fama da masu jabu ba. A 2014 FTDI ya fitar da direban da ke mayar da PID na cif ɗin jabu zuwa 0000, kebul ya daina aiki gaba ɗaya, har sai da surutu ya yi yawa aka janye shi.

Maganin da kowa ke bi shi ne komawa tsohon direba na wajen 2008, wanda bai san da wannan tantancewar ba. Kana sa shi, sai ka bi ta Update driver, ka ce za ka zaɓa da kanka daga jerin waɗanda ke kwamfutar, ka ɗauki tsohon. Alamar nan ta ɓace nan take, kebul ya tashi. Amma gyaran ba ya zama. Idan ka canza ramin USB, kwamfuta na iya ɗaukarsa a matsayin sabon baƙo ta ɗora masa sabon direba, ta kuma ba shi wata lambar COM daban, sai ka koma cikin manhajarka ka sake zaɓen tasha. Sabuntawar Windows ma tana iya mayar da kai gidan jiya. Ga kuma abin da ya fi damuna: tsohon direban ba a shafin kamfani ake samunsa ba, a shafukan da ba ka san masu su ba ne, alhali direba a can cikin zuciyar tsarin kwamfuta yake aiki. A kwamfutar da nake ajiye aikin mutane ba zan sa irin wannan ba. Idan kuma kariyar Memory integrity a kunne take a Windows 11, akwai tsofaffin direbobin da take hanawa, kuma kashe kariya saboda kebul ciniki ne na asara.

A Linux labarin daban ne. Direban pl2303 yana cikin kanel, wato zuciyar tsarin, tuntuni, kuma bai tsaya tambayar asali ba. Na soka, na duba saƙonnin kanel da umarnin dmesg, ga shi an ba shi sunan tasha ttyUSB0. Abin da ya rage izini ne kawai: a Ubuntu da Debian sai ka sa kanka cikin rukunin dialout, ka fita ka sake shiga, in ba haka ba za a ce maka ba ka da izinin buɗe tashar. Masu CH340 a Ubuntu 22.04 su kuma su lura da brltty, manhajar allon rubutun makafi, wadda kan kama na'urar ta ɓace daga jeri bayan ta bayyana.

Bayan direba ya zauna, kafin ka haɗa da allo, yi gwaji mafi sauƙi. Haɗa farar waya da koriya da ɗan guntun waya, buɗe PuTTY ko wata manhajar serial, ka buga haruffa. Idan abin da ka buga ya dawo kan allon kwamfuta, kebul da direba lafiya suke, duk matsalar da ta biyo baya daga wani wuri take. Nawa ya ci wannan gwajin a gudun 9600 da 115200 ba harafi ɗaya da ya lalace, kuma wannan yabo ne da ya cancanta.

Inda ya gaza shi ne wayoyin nan huɗu. Babu ta DTR, wadda Arduino ke amfani da ita ya sake tayar da allo da kansa kafin tura manhaja. Dole yatsanka ya kasance a kan maɓallin reset, idonka a kan allon kwamfuta, ka sake shi daidai lokacin da aka gama harhaɗa manhaja za a fara turawa. Ka yi sauri ko ka makara, avrdude, manhajar da ke yin turawar, ta ce ba ta daidaita da allon ba. Wanda bai san wannan ba zai koma yana zargin direba, alhali direba ya gama nasa. Haka kuma ba a rubuta ƙarfin wutar siginarsa a ko'ina ba. Jar waya volt 5 take bayarwa, don haka kafin ka kusanto da shi ga allon volt 3.3 irin ESP32, auna wayar TX, wato mai aika sigina, da mita. Launin wayoyin ma kada ka amince da shi ido rufe. An saba koriya ce TX, fara kuma RX mai karɓar sigina, amma babu dokar da ta tilasta wa mai ƙerawa bin hakan.

Yanzu na bar shi a maƙale da wata tsohuwar kwamfuta mai Linux, ina karanta saƙonnin allo da shi, kuma a wannan aikin bai taɓa ba ni kunya ba. Don tura manhaja a Windows na koma kan ɗan allo mai CP2102 wanda ya fito da ƙafar DTR. Duk mai sayen irin wannan kebul ya tambayi sunan cif ɗin kafin ya biya, ya kuma duba VID da PID da zarar ya soka, tun yana da damar mayar da kaya.