Ƙarya ko wardi a tsakar gida

Hajiya, kin tambayi furen da za ki dasa a tsakar gida. Tunda a Kano kike, kuma kin ce ruwanku na 'yan garuwa ne, ki dasa ƙarya, wato ɗan itacen nan mai fure da kumburarren gindi, ki rabu da wardi.

Tawa daga gidan kakata na samo ta, reshe guda ta karyo min. Ta ja min kunne kar in dasa shi a ranar, in ajiye a inuwa kwana huɗu bakin ya bushe tukuna. Na huda gindin wani tsohon bokitin fenti da ƙusa, na cika shi da yashi da ɗan ruɓaɓɓen kashin awaki, na kafa. Yau shekara 6 ke nan. Da hunturu ganyen kan kaɗe ta zama sanduna tsirara, har maigidan ya taɓa cewa a jefar, ta mutu. Ba a jima ba sai ga furanni ruwan hoda, bakinsu ja, cikinsu fari-fari, a lokacin da komai na gidan ya yi ƙura. Ruwanta a kumburarren gindinta take ajiyewa, don haka kofi biyu a mako ya ishe ta da rani. Rana kuwa ko ta watan Afrilu ce ba ta dame ta ba. Damina ce abokiyar gabarta. Idan Agusta ya kama nakan ja bokitin ƙarƙashin rumfa, don da zarar kin taɓa gindin kin ji ya yi laushi, to ruɓa ta shiga.

An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tawa dai bara ta ƙaryata masu karin maganar, ta fitar da kwanso biyu kamar ƙahon rago.

Abu ɗaya, ruwan da ke fita idan an karya reshenta guba ne, shi mafarauta suke shafa wa kibiya a zamanin da. Ki ɗora ta inda yara da awaki ba sa kaiwa, ki wanke hannu bayan kin yi mata aski.

Wardi akwai ƙamshi, ban hana shi ba. A Jos yake jin daɗi, inda akwai sanyi. Uku na saya, ban ruwa safe da yamma, bazara ta ƙone biyu, gara ta cinye na ukun.

Sai ki kula da wasu masu sayar da furanni a bakin titi. Reshe mai fure suke yankowa da safe su soka a ledar ƙasa, ba saiwa ko ɗaya. Ki ɗan ja shi a hankali, in ya taho salin-alin ki ajiye musu kayansu. Wanda kuma ya nuna miki hoton ƙarya mai shuɗin fure a waya ya ce irinta ke nan, aikin kwamfuta ne, babu ita. Ki zaɓi mai taurin gindi wadda kika ga furenta da idonki, ko ki roƙi reshe a maƙwabta.